Inda aikin tanderun lantarki ya kwana: maganar bututun alumina

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon gasa tangaran. An kwana biyu ban kawo muku labarin tanderun da nake haɗawa a bayan gidanmu a Agege ba. Gangar jikinsa ta kammala, bulo mara nauyi mai riƙe zafi ya zauna daram, ƙofa tana rufuwa ruf. Na'urar daidaita zafi na samo ta a kasuwar kayan lantarki ta Alaba, tana aiki lafiya lau. Lissafin wayar da ke ba da zafi ma bai ba ni wahala ba: kilowat 3 nake so a kan bolt 230, amfiya 13 ke nan, sai na yanka wayar da awonta ya kai om 17.6.

Abin da ya tsayar da ni shi ne bututun da ake naɗa wayar a kai.

Wayar Kanthal A-1 ce, haɗin ƙarfe da kuromiyam kusan kashi 22 cikin 100 da aluminiyam kusan kashi 6. Hans von Kantzow ne ya ƙirƙiro ta a Suwidin, kamfanin Kanthal ya kafu a 1931. Tana jure zafi har digiri 1,400. Idan ta gasu, aluminiyam ɗin cikinta kan haɗu da iska ya yi wata siririyar fata mai ruwan toka a bayanta. Wannan fatar alumina ce, ita ke hana wayar cinyewa, kuma duk abin da ya ɓata fatar ya gama da wayar.

Fararen bututun da na fara sakawa masu araha ne, mai shagon ya rantse mini suna jure wuta. Da sanyinsu na auna su da mita, ko alamar wuta ba ta ratsa su. To amma da tanderu ya doshi digiri 900, sai birekar da ke gadin yoyon wuta ta faɗi. In ya huce komai lafiya, in ya sake yin zafi ta sake faɗuwa. Da na zare bututun sai ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa daidai inda waya ta kwanta, wani wurin har ta lafke a jiki. Na fasa ɗaya, cikinsa yana sheƙi irin na fasasshen faranti. Araha dai ba ta ado.

Tangaran na yau da kullum akwai gilashi a cikin naman jikinsa, gilashin kuma ɗauke yake da sodiyam da fotasiyam. Da sanyi a daskare suke kamar kakide, ba sa motsi. Da zafi ya yi yawa sai su saki jiki su fara tafiya, su ne ke ɗaukar wutar daga waya su miƙa wa bulo, bulo ya miƙa wa ƙarfen waje. Alumina mai tsabta ma ƙarfin tare wutarta yana raguwa da zafi, sai dai tazararta da tangaran tana da nisa sosai, kuma ba ta narkewa sai an haura digiri 2,000. Masu sola da ke tunanin jona tanderu kai tsaye a batir, ku ne abin ya fi shafa. Wutar batir hanya ɗaya take bi, sai ta riƙa kora sodiyam zuwa gefe guda yana taruwa, bututun ya lalace ta nan, ya ci fatar waya. Wutar gida tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ɓarnarta ba ta kai haka ba.

Ita kanta alumina ba duka ce mai tsabta ba. Daga dutsen boksait ake tace ta, irin wanda ƙasar Gini ke da shi jibge, ta hanyar da Karl Josef Bayer ya fito da ita wajen 1888, kuma da soda mai ƙuna ake tacewar. Ragowar sodan kan maƙale a garin aluminar, cire shi ne ke ƙara tsada. Akwai ma nau'in alumina mai sodiyam da yawa da ake yi da gangan don sodiyam ya wuce ta cikinsa, wanda kamfanin Ford ya yi batir da shi a shekarun 1960. Fari ne shi ma, amma ba na aikinmu ba ne.

Don haka kada ku ce wa mai sayarwa "farin bututu". Ku nemi lamba. C 799 alumina ce kashi 99.7, C 610 kuma kusan kashi 60 ce. Masu yin wayar sun ba da shawarar abin da zai taɓa ta ya kasance da alumina aƙalla kashi 45, tsatsar ƙarfe ƙasa da kashi 1, kuma a guji simintin tanderu mai sodiyam. Ni a ganina sayen C 799 ga tanderun gaba ɗaya ɓarnar kuɗi ce. Na sa C 610 a inda aka naɗa waya, don ya fi jure hawa da saukar zafi. C 799 na bar wa inda waya ke ratsa bango da kuma kuben ma'aunin zafi, don yoyo kaɗan a nan yakan rikita lambar da na'ura ke nunawa.

In babu takardar da ta nuna lambar bututun, nauyi ba ya ƙarya. Alumina mai tsabta tana da nauyin giram 3.9 a kowace santimita kubik, tangaran kuwa wajen 2.4. A auna guntun a sikeli, a tsoma shi a ruwa a ga yawan ruwan da ya ture, a raba nauyin da yawan ruwan. Wanda ke son jin ta a hannu ya nemi tsohon fulogin mota a kasuwar kayan mota ta Ladipo, farin jikin nan kusan kashi 95 alumina ne. Ku goga masa zarto ku ga yadda yake zamewa.

Damshin Legas ma yana da nasa. Bulo na shan laima, musamman da damina. In bireka ta faɗi tun tanderu bai yi nisa ba, laima ce, a busar da shi a ƙaramin zafi ƙofa a ɗan buɗe. In sai ya yi ja take faɗuwa, bututu ne. Ku sa safar hannu in za ku taɓa waya ko bututu, gumi gishiri ne mai sodiyam.

Sababbin bututun sun iso, na ɗaura su. Na yi gashin farko babu komai a ciki, na hau a hankali zuwa digiri 1,050 na bar shi 'yan sa'o'i, ramin iska a buɗe, don wayar ta yi fatarta. Bireka ba ta ce uffan ba. An ɗauke wuta a tsakiya, ban taɓa ƙofar ba, don iska mai sanyi tana tsaga alumina nan take. Yanzu wayar ta yi ruwan toka, ta kuma yi gautsi, ba a lanƙwasa ta da sanyi.

Saura gwajin digiri 1,250 da ƙananan fale-falen yumɓu. Awa 8 a cikakken ƙarfi yunit 24 ne, kowa ya buga da farashin layinsa kafin ya kunna. Wanda ke da na'urar auna yoyon wuta mai bolt 500 a nan kusa da Agege ya taimaka mini da aro, ina so in cire tanderun daga soket in auna shi tun yana ja.