Abin da baƙunta ta koya mini a ƙasar Maraɗi

Tun da muka dawo Jos a 2024, duk majami'ar da aka gayyace ni in ba da rahoton aikin bishara, tambaya ɗaya ce take jirana a bakin ƙofa bayan an tashi sujada: “Malam, mutum nawa suka ba da gaskiya?” Ba na jin zafin tambayar. Masu yin ta su ne suka ɗauki nauyinmu shekara goma sha ɗaya. A cikinsu akwai 'yan zumuntar mata masu kasa tumatir da kabeji a kasuwar Farin Gada, waɗanda suke ƙulle wani abu a bakin zane su kai baikon mishan. Suna da hakkin su tambaya. Nakan faɗa musu gaskiya, cewa waɗanda aka yi wa baftisma a hannunmu ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wasu sukan yi shiru, wasu su ce Allah ya ƙara. Abin da ba na samun sararin faɗa a tsaye a bakin ƙofa shi ne abin da aikin ya yi a kaina ni da aka aika.

A 2013 dattawan ikilisiya suka ɗora mana hannu, ni da maiɗakina da yara biyu. Muka bi ta Kano da Katsina, muka tsallaka iyaka a Jibiya, muka shiga Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi, sannan wani ƙauye da ke arewa da birnin. Na tafi da ƙarfin gwiwa, don a ganina babbar wahalar ɗan mishan ita ce koyon harshe, ni kuwa an ɗauke mini ita. Da Hausa na tashi, da Hausa muke sujada, Littafi Mai Tsarki kuma yana nan cikakke da Hausa tun 1932. Kwana biyu a kasuwa suka rage mini wannan tunani. Mai albasa ya ce “dala ashirin”, na tsaya ina lalube, sai da wani yaro ya fahimtar da ni cewa dala sefa biyar ce, dala ashirin ɗari ke nan, jaka kuma dubu. Makaranta lakwal ce, malaminta mushe. Takardun zama da na jandarma duk da Faransanci. Su kan ce “tahiya” da “hwari” da “mi kake so”, ni kuma da na buɗe baki sai a gane Hausar Filato ce.

Wannan duk mai sauƙi ne, wata shida ya isa. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne gaisuwa. Ranar da na fara zuwa wurin mai gari na tafi da bayanin aikinmu a shirye, har da takarda. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali da mutanen Jos da sanyin Jos, ya tambayi zaman duniya, sannan ya sa aka kawo ruwa, ya ce in je in huta. Sau uku ina zuwa ana haka. A raina ina cewa lokaci yana ƙurewa. Daga baya na gane awona yake yi, yana so ya ga ko ni mutum ne da za a iya zama da shi, ko kuwa mai saƙo ne da zai sauke ya wuce. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, na kuwa tabbatar.

Akwai wani kaya da na tafi da shi ban san yana cikin kayana ba. Ina saurayi rikicin Jos na watan Satumba 2001 ya auku, na ga na 2008, na ga na 2010. Unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Lokacin da na tsallaka iyaka na yi shekara goma sha biyu ban ci abinci a gidan Musulmi ba. Ina wa'azin ƙauna da bakina, amma in dare ya yi sai na tashi sau biyu in taɓa sakatar ƙofa.

Gidan da ke jikin namu na limamin unguwa ne, dattijo da kowa ke kira Baba Liman. Uwargidansa, Inna, kullum da hantsi takan aiko jikarta da ƙwaryar fura. Na ce wa maiɗakina kada ƙwaryar nan ta koma wofi, a sa sabulu ko sukari ko ashana, don ba na so a ce muna cin na mutane. Haka muka yi ta yi kusan wata uku. Wata rana Inna ta shigo da kanta, ta ajiye sabulun a kan turmi, ta zauna, ta ce wa maiɗakina: “Ɗiyata, ki ce wa Malam ya bar biyanmu. Maƙwabtaka muke yi, ba ciniki ba.”

Maganar nan ta hana ni barci. Na ga cewa ban yarda a ba ni ba. Na zo a matsayin mai bayarwa, mai magani da littattafai da saƙon rai, kuma ina so hannuna ya tsaya a sama kullum. Na koma na karanta Luka sura 10, inda Ubangiji ya aiki almajirai ba jaka ba guzuri, ya ce su ci abin da aka sa a gabansu. Na karanta Yohanna sura 4, inda shi kansa ya zauna a bakin rijiya a gajiye, ya fara da roƙon ruwa a hannun matar da mutanensa suka raina. Na sha yin wa'azi a kan nassoshin nan a Jos, amma ban taɓa lura cewa wanda aka aika shi ne mabukaci a cikinsu ba. Washegari ƙwarya ta koma wofi, an wanke ta kawai, da godiya.

Rayuwar yau da kullum ba ta da wani abin labari, ita ce kuma ta fi cin mutum. Ruwa daga rijiya da guga, a layi. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ga wanda ya tashi a kan duwatsun Jos kuwa wannan jarrabawa ce ta kanta. Mukan kwana a tsakar gida, mu kakkaɓe takalma da safe saboda kunama. Yara suka yi ta kewar gwate da acca kafin tuwon gero ya zauna musu. Ran Lahadi muna taruwa a rumfar zana, mu huɗu da wani malamin lakwal da matarsa. In na tuna sujadar gida, da ganguna da ƙungiyar mawaƙa da jerin mata cikin anko, sai muryata ta shaƙe a tsakiyar waƙa. A shekara ta uku addu'a ta bushe mini. Ina durƙusawa don lokaci ya yi, ba don ina jin ana saurarena ba. A shekarar ce mahaifina ya rasu, na iso Jos an riga an yi jana'iza. Ban faɗa wa kowa halin da nake ciki ba, domin mutanen gida suna ɗaukan ɗan mishan kamar wanda ya wuce irin wannan. Kuskure ne babba, da na samu wanda na buɗe wa cikina da na rage wa iyalina wahala. Maiɗakina ce ta riƙe addu'ar gida a watannin nan, kuma ita ce ta fi ni shiga mutane nesa ba kusa ba, don wurin daka da suna da gidan makoki aka san ta.

Abin da ya taimake ni a lokacin har da tarihin waɗanda suka riga mu. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da nufin shigowa ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki namu a wancan zamani: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin shekara guda biyu sun rasu da ciwo, Gowans a Girku, Kent a Bida, ba su ga ikilisiya ko ɗaya ba. Mu 'yan Jos mun saba da sunayen nan a jikin makarantar Miango da asibitin Jankwano, har mukan manta cewa farkon labarin kaburbura ne. Mishan ɗin SIM, wadda ta samo asali daga tafiyar samarin nan uku, ta shiga Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Shekara ɗari ke nan, har yau Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. In haka ne, wa ya ce mini ni zan girbe cikin damina uku?

Manoman yankin ma sun koya mini wani abu. A gonakinsu za ka ga gawo da kalgo da sabara a tsaye cikin gero. Da can sare su ake yi ƙaf lokacin sassabe. A 1983 wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwan da ba sa kamawa, ya lura cewa 'yan tsirran da ke cikin gonaki ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan da saiwarsu ke da rai a ƙasa. Sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse saura. Manoma suka karɓa, abin ya bazu daga gona zuwa gona. Da Baba Liman yake nuna mini yadda yake datsewa da 'yar wuƙarsa, sai na tuna yadda na iso ina ganin ƙauyen kamar fako, alhali tsoron Allah da riƙon amana da kunya suna nan da saiwarsu tun kafin a haife ni.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 labari ya zo cewa an ƙona majami'u a Damagaram, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Washegari abin ya kai Yamai. Na san irin wannan rana tun daga gida, jikina ya riga hankalina ganewa. Muka haɗa takardu a jaka ɗaya, muka sa wa yara takalma suka kwanta da su. Bayan sallar lisha na ji motsi a waje, na leƙa ta kafar ƙofa. Baba Liman ne ya shimfiɗa tabarmarsa daidai bakin ƙofarmu, ga buta, ga 'yar rediyonsa, ga tasbaha. Na buɗe na ce, “Baba, lafiya?” Ya ce, “Lafiya lau, ɗana. Koma ka kwanta. Iska ta fi daɗi a nan.” A watan Janairu ne, ana tsakiyar hunturu. Dare uku ya yi a wurin, babu wanda ya zo, bai kuma taɓa tayar da zancen ba.

Baba Liman bai karɓi bishara ba. Mun yi magana a kai sau da yawa, a fili, ba ɓoye-ɓoye. Ya san abin da na gaskata game da Almasihu da gicciye, na san inda ya tsaya. Har yau ina yi masa addu'a da sunansa, domin ban sauya abin da na gaskata ba. Amma na daina iya kiransa da kalmomin da nake sawa a wasiƙun rahoto na farko. Na koma na karanta su kwanan baya: “ƙasar duhu”, “masu taurin zuciya”. Na rubuta su ne don na san su suke motsa mutane su ba da baiko. Wannan zunubi ne, na kuma tuba. Ban ga yadda za a ce ana ƙaunar mutane a can, a zo gida ana sayar da mutuncinsu ba.

Waɗanda suka ba da gaskiya kuwa, su suka biya farashin da ban biya ba. Wani saurayi da aka yi wa baftisma, dangin matarsa suka ɗauke ta da ɗansu, aka janye masa gonar gado. Ni ina da Jos da zan koma, shi ba shi da inda za shi. Tun daga kansa na daina gaggawar kai mutum ruwa don in samu abin rubutawa. Mukan zauna mu yi lissafi tare: ina za ka kwana, me za ka ci, wa zai tsaya maka. Mun nema masa koyon ɗinki a birni, yana can, yana riƙe da bangaskiyarsa.

Shekarar 2023 ta zo da nata. A watan Yuni darajar naira ta faɗi, ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka. Mutanen gida ba su rage ko kwabo ba, amma in an canja kuɗin zuwa sefa sai ya narke a hannu, hanyar aikowa ma ta yi wuya. Ga shi tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suke ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Muka koma cin sau biyu, ba mu gaya wa kowa ba. Inna dai ta lura da hayaƙin murhunmu. Wata safiya sai ga amalanke a ƙofar gida da damin gero huɗu, biyu daga rumbun Baba Liman, biyu daga wasu gidaje da har yau ba a faɗa mini sunansu ba. Wannan karon ban nemi sabulu ba. Na durƙusa na yi godiya, hawaye yana zuba, ban kuma ɓoye shi ba.

Karatun yara ne ya dawo da mu. Yanzu ina taimakawa wajen shirya matasan da suke jin kiran fita, nakan tambaye su ko akwai gidan Musulmi ɗaya a nan Jos da suke shiga su zauna su ci abinci. Yawancinsu babu, kamar yadda nake a 2013. Sai in ce mu fara daga nan kafin a yi zancen fasfo. Ni ma a nan nake ci gaba da koyo. Akwai unguwannin da na yi shekara ashirin ban taka ba, bana na shiga biyu daga cikinsu gaisuwar rasuwa, gabana yana faɗuwa har na fito.

Makon jiya jikan Baba Liman ya kira ni ta WhatsApp ya miƙa masa waya. Muryarsa ta yi rauni. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi sanyi, ya ce gawon da muka datse tare ya fi ɗaki tsawo. Sannan ya ce Inna tana marmarin dankalin nan namu na Jos. Jibi da asuba zan kai buhu guda tasha, direban Katsina ya ce ya san wanda zai tsallakar da shi.