Kwana goma tsakanin Kolon da Barlin

Ƙanina ne ya aiko mini da takardar gayyata. Yana karatu a Kolon, ya ce in zo in ga Jamus, ƙasar da na yi shekara da shekaru ina koyar da tarihinta a aji alhali ban taɓa taka ta ba. Na sauka a watan Nuwamba, kuma wannan ne abu na farko da zan gyara in Allah Ya sa na sake komawa, domin ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya yi duhu, sanyi kuma har cikin ƙashi. Mai niyyar yawon ganin wuraren tarihi ya nufi tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba.

Kana fitowa daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Kolon, majami'ar garin ce a gabanka. Sai da na dafe hula kafin na iya hango ƙarshen hasumiyoyinta biyu, masu tsayin mita 157, dutsen ya yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi da ruwan sama. An aza harsashinta a 1248, don a samar wa wani akwatin zinariya masauki. Kiristoci sun yi imani ƙasusuwan masanan nan uku ne a ciki, waɗanda suka ziyarci Annabi Isa (AS) yana jariri, kuma tun da aka kawo su daga Milan a 1164 masu ziyara ke tururuwa garin. Daga baya kuɗi ya yanke, aiki ya tsaya cak kusan shekara ɗari uku, katakon ɗaga duwatsu yana zaune bisa hasumiyar da ba a gama ba, har ya zama alamar garin. Sai a 1842 aka koma aiki, aka kammala a 1880. Shekara 632 ke nan. Wanda ya sassaƙa dutsen farko ya san ko jikan jikansa ba zai ga rufin ba, ya kuma sassaƙa shi da kyau.

Mun hau matakala 533 na hasumiyar kudu. Hanyar ƙunci gare ta, tana murɗawa kamar dodon koɗi, masu sauka suna gogar kafaɗar masu hawa. Ƙanina yana bayana yana cewa, "Yaya, a hankali, ba wurin hutu sai mun kai wajen ƙararrawa." Babbar ƙararrawar nauyinta ya kai tan 24. Daga can sama kogin Rhine yana shimfiɗe, gine-ginen da ke kewaye kuma kusan duk sababbi ne, domin yaƙin duniya na biyu ya baje tsakiyar Kolon. Majami'ar kanta bama-bamai sun same ta, amma ba ta faɗi ba.

Abin da ya fi taɓa ni a wurin kuwa babu wani allo da ya nuna mini shi, ƙanina ne ya faɗa mini muna saukowa. A watan Fabrairun 1965 ma'aikata Turkawa da suka zo ci-rani ba su da masallacin da zai ɗauke su, sai aka ba su wani sashe na cikin majami'ar suka shimfiɗa dardumai suka yi sallar Idin ƙaramar salla. Na koma ciki na tsaya ta ɓangaren arewa, ina ƙoƙarin jiyo kabbarar waɗannan bayin Allah a ƙarƙashin wannan rufi.

Daga Kolon zuwa Barlin tafiyar kamar awa huɗu da rabi ce a jirgin ƙasa mai sauri. Ƙofar Brandenburg ba ta ɗauke ni lokaci ba. An gama ta a 1791, Napoleon ya kwashe gunkin keken dawaki huɗun da ke samanta ya kai Paris a 1806, aka dawo da shi a 1814. Tana da kwarjini, amma wurin ɗaukar hoto ne, cike da hayaniya. Ginin majalisar dokoki, Reichstag, yana gefenta, shi ne wanda aka cinna wa wuta a Fabrairun 1933, Hitler ya fake da gobarar ya murƙushe 'yan adawa. Na so in hau ƙubbar gilashin da aka ɗora masa a 1999, sai dai shiga kyauta ce amma sai wanda ya yi rajista tun da wuri, ni kuwa ban yi ba. Duk mai zuwa ya yi ta intanet tun yana gida, ya kuma riƙe fasfonsa ranar.

Titin Bernauer ne ya cinye mini yini guda. A nan ne ake ganin katangar Barlin yadda take da gaske, domin na daɗe ina zaton bango ɗaya ne. Ashe biyu ne, a tsakaninsu fili ne na yashi da fitilu da hasumiyar masu gadi, ana share yashin don sawun duk wanda ya taka ya fito. Lokacin Jamus a rabe take gida biyu, Gabas da Yamma, Jamus ta Gabas ta fara rufe iyakar ranar 13 ga Agusta, 1961, aka kewaye Barlin ta Yamma da shinge na kusan kilomita 155. A wannan titin, gidajen na Gabas ne, amma dandamalin ƙofar gida na Yamma ne. Mutum yana ɗakinsa yana wata ƙasa, in ya diro ta taga ya shiga wata. Haka mutane suka riƙa yi, 'yan kwana-kwana na Yamma suna tare su da raga. Wata mata mai suna Ida Siekmann ta diro daga bene ranar 22 ga Agusta kafin a iso da ragar, ta rasu ana gobe za ta cika shekara 59. Ita ce ta farko cikin aƙalla mutum 140 da katangar ta ci kafin a buɗe ta ranar 9 ga Nuwamba, 1989. Akwai wani bangon ƙarfe mai ƙananan tagogi, kowace da hoton mamaci. Na tsaya gaban na wani yaro da bai wuce sa'ar ɗaliban ajina ba, gashinsa a taje, kamar hoton katin makaranta. A ƙasa kuma an jera faranta na ƙarfe da ke nuna inda aka haƙa ramuka ta ƙarƙashin katangar, ciki har da wanda mutum 57 suka tsere ta cikinsa a Oktoban 1964.

Tun daga ranar na koyi tafiya ina duban ƙasa. Layi biyu na duwatsu da ke ratsa kwalta shi ne inda katangar ta bi. A ƙofar gidaje kuma akwai 'yan ƙananan faranta na tagulla, faɗin kowane bai wuce tafin hannu ba, an rubuta "A nan ya zauna", sai suna, da shekarar haihuwa, da ranar da 'yan Nazi suka tafi da shi, da inda aka kashe shi. Wani mai zane, Gunter Demnig, ya fara dasa su, yanzu sun haura dubu ɗari a faɗin Turai. Ba ka iya karanta su sai ka sunkuya. Na ga huɗu a jere a ƙofar wani shagon burodi, sunan gida ɗaya.

Wurin da na fi ƙagara in gani shi ne Wilhelmstrasse, titin da fadar Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan zamani, take a lamba 77, inda ƙasashe 14 suka zauna kan Afirka daga 15 ga Nuwamba, 1884 zuwa 26 ga Fabrairu, 1885, babu ɗan Afirka ko ɗaya. Sai da muka wuce wurin sau biyu. Fadar ta tafi da yaƙi, gidajen haya ne na zamanin Jamus ta Gabas a wurin, sai wani siririn allo a bakin titi mai taswirar Afirka, wanda aka kafa a 2005. Na sha gaya wa ɗalibai cewa a nan aka yanka Afirka kamar naman layya. Karatun da na yi kafin tafiyar ya sa na gyara maganar. Ƙa'idar wawaso aka shimfiɗa a nan: wanda ya kama gaɓar teku ya sanar da sauran, ya nuna yana da iko a wurin, kogin Kwango da na Kwara kuma a buɗe su ga jiragen kowa. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi daga baya Ingila da Faransa suka ja ta, a yarjejeniyoyin 1890 zuwa 1906. Amma daga wannan zama zuwa faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, shekara 18 ce kawai.

Raina ya ɓaci a gaban allon nan, ba zan ɓoye ba. Tafiyar 'yan mintoci daga wurin akwai filin tunawa da Yahudawan da aka hallaka, tubalan siminti 2,711, kuma sun cancanci haka da ma fiye. Jamusawa sun yi abin da al'ummu kaɗan ke iya yi, sun ajiye laifinsu a tsakiyar babban birninsu. To amma ƙasar da ta mulki Togo da Kamaru har Garwa da Marwa, wadda a 2021 ta amsa a hukumance cewa kisan ƙare dangi ta yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya, ya kamata a ce wannan babin ma ya samu fiye da allo guda.

Ranar ƙarshe muka je wata tsohuwar maƙabarta a unguwar Kreuzberg neman kabarin Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, wanda a ƙasarmu aka sani da Abdulkarim. Ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya rubuta labarin kasuwarta da marinanta da Dutsen Dala, ya rasu a Barlin a 1865. Ganye ya zube ko'ina, babu kowa sai wani dattijo da tsintsiya. Da muka sami kabarin, Dorugu ne ya faɗo mini a rai, yaron nan Bahaushe daga yankin Damagaram da ya biyo shi Turai a 1855, ya ga garuruwanta ya ba da labarinsu da Hausa. Na ce wa ƙanina ashe an riga mu da shekara fiye da 160. Ya ɗaga wuyan rigarsa ya ce, "Yaya, mu tafi, la'asar ta kusa fita, jirginmu kuma ƙarfe biyar ne."