Wuni guda tare da makiyayan Dutsen Psiloritis

Asabar, ƙarshen watan Mayu, garin Anogiya

Yau tun da duku-duku muka fita. Ina idar da sallar asuba na ji ƙugin akori-kura a ƙofar gida, abokin karatuna yana ƙwanƙwasa taga, wai in yi sauri kada a fara tatsa ba mu iso ba. Kawunsa makiyayi ne, kuma tun farkon watan nan ya hau da garkensa kan Dutsen Psiloritis, wanda ya fi kowane dutse tsayi a tsibirin Kirit na ƙasar Girka. Ƙololuwarsa ta kai mita 2,456, har yau da sauran dusar ƙanƙara kwance cikin kwazazzabanta. Shi kansa garin Anogiya a kan tudu yake, amma daga nan hanya sai ƙara hawa take yi tana lanƙwasa har filin Nida, wani shimfiɗaɗɗen fili da duwatsu suka kewaye, wajen mita 1,400 sama da teku. Sanyi ya ratsa ni duk da riguna biyu da na saka.

Tun kafin mu hango tumakin muka jiyo ƙararrawarsu. Kusan kowace dabba da tata a wuya, kuma ba sauti ɗaya suke bayarwa ba. Abokina ya ce makiyayi kan zauna ya zaɓi ƙararrawa manya da ƙanana yadda amonsu zai dace, har ya zama yana gane garkensa cikin duhu ko hazo ta kunne kaɗai.

Muka tarar da dattijon tsaye bakin ɗakinsa na dutse, wanda suke kira mitato. Baƙar riga ce a jikinsa, da dogayen takalman fata har gwiwa, ya ɗaura baƙin ƙyalle mai geza a goshi, ga sanda mai lanƙwasasshen kai a hannu. Na gaishe shi da "Barba", yadda yara da samari ke kiran dattijo a nan, ya kama hannuna da nasa biyu ya ce in shigo in ji ɗumi. Sai da na durƙusa kafin na shige ƙofar, don gajeruwa ce ƙwarai. Ɗakin zagayayye ne, duwatsu ne kawai aka jera bisa juna ba siminti ba laka, kowane layi yana ɗan matsowa ciki fiye da na ƙasa da shi, har suka haɗe a sama, aka bar 'yar kafa don hayaƙi da haske. Kakansa ne ya gina, kuma dusar ƙanƙarar hunturu ta sha danne rufin bai faɗo ba. Irin wannan gini na dutse zalla hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2018, sannan a 2019 ta ƙara da ita kanta al'adar hawa da sauka da dabbobi tsakanin mashekari da makiyayar kan dutse.

Tatsa ba wasa ba ce. An tara tumakin cikin wani shingen dutse mai faɗi ta baya, matsattse ta gaba, inda maza biyu suka tsaya sun buɗe ƙafa, kowa da babbar tukunyar ƙarfe a ƙarƙashinsa. Ni da wani yaro aikinmu shi ne koro tumakin daga baya. Tunkiya na isowa sai mai tatsa ya matse ta da gwiwoyinsa, ya kama hantsar ta baya, ya tatse cikin ɗan lokaci, ya sake ta, wata ta shigo. Haka suka yi ta yi a sunkuye, ba mai ɗago kai, har garken ya ƙare. Da yamma kuma za a sake daga farko. Babu Lahadi, babu ranar biki, muddin tumakin na ba da madara. Na dubi yatsun dattijon, duk sun kumbura sun lanƙwashe, na ji girmansa ya ƙaru a idona.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yin cukun. An tace madarar da farin ƙyalle cikin wata ƙatuwar tukunyar tagulla, aka hura wutar itace a ƙasa. Barba ba ya amfani da ma'aunin zafi. Ɗan yatsa yake tsomawa, da ya ji madarar ta kai ɗumin jiki sai ya ce a janye itacen. Ɗansa ya tsoma ma'auninsa don in gani, ya nuna wajen digiri 35. Daga nan ya ɗauko wani ruwa a kwalba ya zuba, ya juya. Ruwan daga ƙaramin tumbin ɗan rago ake samunsa, wanda aka yanka bai fara cin ciyawa ba, a sa wa tumbin gishiri a shanya ya bushe, duk ranar da ake bukata a yanki kaɗan a jiƙa. Shi ke sa madara ta daskare ba tare da ta yi tsami ba.

Muka zauna kamar rabin awa ba wanda ya taɓa tukunyar. Da ya ɗaga murfin, madarar ta kama jikinta ta zama dunƙule guda mai santsi. Ya ɗauki wata muciya mai rassa ya shiga farfasa ta, yana juyawa ba ƙaƙƙautawa, aka mayar da wuta, har gudajin suka koma ƙanana suka ɗan yi tauri suka kwanta a gindin tukunya. Sai ya naɗe hannun riga, ya cusa hannuwansa cikin ruwan mai zafi har gwiwar hannu, ya tattaro su ya danna cikin kwanduna, yana matsewa yana juyawa, ruwa na tsiyaya. Wannan shi ne zai zama cuku mai tauri, dangin wanda suke kira graviera. Ya ce sai an kashe madara lita 5 zuwa 6 kafin a sami kilo guda.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ruwan da ya rage a tukunya ba a zubar da shi. Aka ƙara masa ɗan madara sabuwa, aka hura wuta sosai har ya kusa tafasa, sai ga wani farin abu mai laushi yana tasowa sama. Shi ne mizithra, cuku na biyu daga madara ɗaya. Aka kwashe da ludayi mai huji, aka miƙo mini da zafinsa a ƙaramin kwano, an yaryaɗa zuma a kai. Ban taɓa cin abin madara mai daɗinsa ba, wallahi. Ruwan ƙarshe kuma karnukan garke suka shanye.

Bayan mitato akwai wani ɗakin dutse, ya fi na farko duhu da sanyi, a nan ake ajiye cukun bisa katakai. Ana shafa masa gishiri, ana juya shi a kai a kai. Graviera ta Kirit tun 1996 Tarayyar Turai ta ba sunanta kariya, kuma ƙa'idarta ita ce a yi ta da madarar tumaki, in za a haɗa da ta awaki kada ta wuce kashi 20 cikin 100, sannan ta yi aƙalla wata uku tana nuna kafin a sayar. Ina tsaye cikin ɗakin nan sai tunanin gida ya zo mini. Da damina madara kan yi yawa a rugage har nono ya yi kwantai a kasuwa, da rani kuma a neme ta a rasa. Buzaye a Nijar sun san dabarar busar da cuku ya daɗe, amma ba ta bazu sosai a wajenmu ba. Mutanen nan ciyawar dutsensu 'yan watanni kawai take yi kafin rana ta ƙone ta, duk da haka sun san yadda za su mayar da ita abinci da dukiyar da za ta kai su shekara. Wannan ilimi ne babba, kuma ina ganin ya cancanci a koye shi kamar yadda ake koyon kowane ilimi a jami'a.

Da rana suka gasa naman ɗan rago yadda suka gada. An tsire manyan yanka a sanduna, aka kafa su kewaye da wuta, nesa kaɗan da harshenta, gishiri kawai aka sa, naman ya yi ta nuna a hankali cikin kitsensa. Suka fito da barasarsu ta inabi da ake tarbar baƙo da ita, na ce addinina ya hana, Barba bai ja magana ba, ya sa aka dafa mini shayin ganyen dutse. Da lokacin azahar ya yi, shi da kansa ya shimfiɗa mini bargon ulu a gefen shinge. Muka ci cuku da busasshen burodin sha'ir da ake ɗan jiƙawa da ruwa, da zaitun. Wani cikinsu ya rera baiti biyu masu amsa-amo, wani ya mayar masa da nasa nan take, aka yi ta dariya.

Hira ta gangaro kan satar dabbobi, wadda tsohuwar matsala ce a duwatsun Kirit. Barba ya ce a da, in an sace wa mutum tumaki, sai ya bi dangi da aminai ƙauye-ƙauye yana cigiya, in zargi ya faɗa kan wani a kai shi gidan ibada na Diskuri ya rantse, kuma ba kasafai mutum ke yarda ya yi rantsuwar ƙarya a can ba. Daga nan ya koma kan Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Agusta na 1944 sojojin Jamus suka ƙone Anogiya ƙurmus, don hukunta garin kan taimakon da ya yi wa masu yi musu tawaye. Mazan garin da yawa kan dutsen nan suka gudo, ɗakunan makiyaya da koguna suka ɓoye su.

Ɗan Barba ne ya sauko da mu da la'asar, bayan motar cike da garewanin madarar da ba a dafa ba, zai kai masana'antar cuku a gari. Ya ce yawancin sa'o'insa haka suke yi yanzu, su hau da mota su tatsa su sauko, ba mai kwana a mitato, kuma abincin dabbobi na hunturu yana cinye rabin abin da suka samu. Na tambaye shi ko ya iya gane zafin madara da yatsa kamar mahaifinsa, ya ce yana koyo, amma 'ya'yansa a Iraklio, babban birnin tsibirin, suke makaranta, sai lokacin hutu suke zuwa dutse. Abin ya dame ni, don a kan hanyar nan kaɗai mun wuce mitato da dama da rufinsu ya rufta, ciyawa ta tsiro a ciki.

Cukun da aka yi a gabana ba za a yanka shi ba sai ƙarshen Agusta, don haka Barba ya ba ni yankin na bara, ya ƙi karɓar ko sisi. An gayyace ni askin tumaki mako mai zuwa, ranar da dangi da maƙwabta ke taruwa kowa da almakashinsa, na kuma ce musu zan zo in sha Allahu.