Zaɓen Sanata Daga Bakin Injin Buga Takarda

Shagona yana Garwa, ba nisa da babbar kasuwa, ɗaki biyu ne da rumfa. A ɗakin ciki akwai tsohon injin Heidelberg mai kala ɗaya da na sayo na hannu daga Duwala, da injin yanka takarda. A na waje kwamfuta biyu ce da teburin buga riguna. Mu biyar ne, ni da yara huɗu. Abincinmu na kullum katin biki ne da na suna, da littafin rasit, da kalanda, da takardun jarrabawa na makarantun kuɗi. Siyasa kuwa kaka ce a wurinmu, ta zo a yi girbi, ta wuce ta bar mutum da ƙaiƙayi.

Abokan sana'ata na Yola da Kano in mun haɗu wajen sarin takarda sukan yi mini barka idan sun ji ana zaɓen sanatoci a Kamaru, suna zaton zan yi kwana goma ban runtsa ba saboda aiki. Sai na zauna na yi musu bayani. A nan talaka ba ya jefa wa sanata ƙuri'a. Kujeru 100 ne a majalisar dattawa, kowane yanki daga cikin goman nan yana da 10. Shugaban ƙasa ne ke naɗa 3, sauran 7 ɗin kansiloli ne ke zaɓensu, waɗanda muke kira kwanseye. Tsarin mulkin 1996 ne ya tanadi majalisar, amma sai ranar 14 ga Afrilun 2013 aka yi zaɓen farko. Aka sake a Maris ɗin 2018, sannan 12 ga Maris 2023, lokacin da 'yan majalisun yankuna su ma suka shiga cikin masu zaɓe. Duk ƙasar masu jefa ƙuri'ar dubu goma sha ɗaya ne da 'yan kai. Yankinmu na Arewa ƙananan hukumomi 21 ne, daga Gidar da Figil har Poli da Tuboro. Masu zaɓen da ke cikinsu kaf ba za su cika ɓangare ɗaya na filin ƙwallon Rumde Ajiya ba.

To wa za ka manna wa fosta? Mutumin da kake neman ƙuri'arsa ka san sunansa, ka san ƙofar gidansa, ka san wanda ya aura. Ba kuma mutum ɗaya ake zaɓa ba, lis ne na mutum bakwai, a ɗauke su tare ko a bar su tare. Saboda haka aikin da ke zuwa mana ƙanana ne masu tsada: 'yar takardar manufa mai sheƙi, katin gayyatar liyafa, huluna, riguna 'yan ɗari kaɗan, da ambulan. Ambulan kam ana saye sosai, ban kuma taɓa tambayar abin da ake zubawa a ciki ba. A 2023 azumi ya kama kwana goma sha ɗaya bayan zaɓe, sai jadawalin sahur da buɗa-baki mai hoton ɗan takara ya zama abin yayi. Shi ne ya fi kawo mana kuɗi a shekarar.

Hoton nan shi ne inda nake fara sanin mutum. Inji mai kala ɗaya sau huɗu takarda ke bi ta cikinsa kafin fuska ta fito: shuɗi, ja, rawaya, baƙi. Kowace kala sai an wanke rola an sa sabon faranti, kuma in takardar ta goce ko da kaurin gashi ne, sai ka ga mutum da ido huɗu. Ga zafin Garwa na watan Maris, tawada na bushewa a kan rola tun ba ka gama saiti ba, ga wuta da ke ɗaukewa a tsakiyar kala ta uku. Wanda ya wuni yana kallon fuska ɗaya tana wucewa sau dubu biyu ya san ta fiye da yadda matar mai ita ta san ta. Amma tun kafin a kai ga inji ake yin ta, a gaban kwamfuta. Wani ya ce a haska shi. Wani a rage masa tumbi. Wani a goge tsagar gado da ke kumatunsa don kada a ce lis ɗin ya karkata ga ƙabila kaza. Akwai wanda ya tsaya a bayan babban yarona yana nuna goshinsa a allon kwamfuta da makullin mota.

"Yaro, ɗan ƙara duhun nan wurin."

"Ranka ya daɗe, tabon salla ne, ai ya fito."

"Na ce ka ƙara."

Yaron ya waiwayo ya dube ni, na kau da kai. Aka ƙara.

Rediyo ba ya mutuwa a shagona, daga BBC sai Muryar Amurka sai RFI, don haka rigimar zaɓen sanatocin Amurka ma a kunnenmu ake yin ta. Na tuna Disambar 2017, da aka yi zaɓen cike gurbi a jihar Alabama. Roy Moore na jam'iyyar Rifablikan kamar ya riga ya ci, don jihar tasu ce, rabon ɗan Dimokurat da cin zaɓen sanata a can tun 1992. Sai wasu mata suka fito suka ce ya neme su tun suna 'yan mata ƙanana shi kuwa ya haura talatin. Ya musanta, amma Doug Jones ya kayar da shi da ƙuri'a dubu ashirin da 'yan kai. A 2022 kuma jagoran 'yan Rifablikan a majalisar dattawa, Mitch McConnell, ya faɗa tun watan Agusta cewa ingancin ɗan takara yana da babban tasiri a zaɓen sanata, kowa kuma ya gane da nasu yake. A Jojiya suka tsayar da tsohon ɗan wasa Herschel Walker, mai wa'azin haramta zubar da ciki, sai wata mata ta ce shi ya biya kuɗin zubar da nata. Shi ma ya musanta, shi ma ya faɗi a zagaye na biyu a hannun Raphael Warnock. Ba kullum abin kunya ke kayar da mutum a can ba ma: Bob Menendez na Niyu Jasi an gurfanar da shi kan cin hanci, shari'ar ta watse a 2017, aka sake zaɓensa a 2018, sai a 2024 kotu ta kama shi bayan an samu sandunan zinariya a gidansa. Duk da haka lissafin a fili yake. Inda miliyoyi ke zaɓe, mutum biyu cikin ɗari su ji ƙyama su zauna a gida, kujera ta tafi.

Nan kuwa kansila ba shi da damar jin ƙyama yadda ya ga dama. Jam'iyya ce ta sa shi a lis har ya zama kansila, ita kuma za ta sake sa shi ko ta cire shi. Dubi abin da ya faru a maƙwabtanmu na Adamawa a 2013. Aka soke lis ɗin RDPC, jam'iyya mai mulki, saboda matsalar takardu, sai jam'iyyar ta juya kansilolinta suka zaɓi jam'iyyar adawa ta SDF, wadda ba ta da wani ƙarfi a yankin, jam'iyyar UNDP mai ƙarfi a can tana ji tana gani kujeru bakwai suka wuce ta. Da na yankin Yamma, SDF ta tashi da 14, RDPC 56. A 2018 RDPC ta samu 63, a 2023 ta kwashe kujeru 70 ɗin da ake zaɓe duka. A irin wannan zaɓe, ranar da uwar jam'iyya ta fitar da sunaye a Yawunde ita ce ranar zaɓe ta gaskiya. Duk wani tonon silili kafin ranar ake yin sa, kuma ba talaka ake so ya ji ba, manya ake so su ji.

Ta nan aikin dare ke zuwa mana. A ɗaya daga cikin zaɓukan nan, bayan isha'i ina shirin rufewa, wani matashi ya sauka daga babur da filash a hannu. Fes da shi, sai ƙamshi. Ya ce aiki ne na gaggawa, kwafi 300 kacal, baƙi da fari, kafin asuba. Na buɗe. Shafi ɗaya ne da Faransanci, a kan wani dattijo da ake rade-radin zai shiga lis. An ce ya ci kuɗin rijiyoyin burtsatse na ƙauyensu, an lissafo gidajensa, daga ƙasa kuma aka kawo maganar wata mata da ba a ma ɓoye unguwarsu ba. Sa hannun shi ne "matasa masu kishi".

"Alhaji, nawa ne? Zan ninka sau uku."

"Su wane ne matasan?"

"Ai ba sai an sani ba. Kuma kada ka sa sunan shago a ƙasa."

Na ce masa doka ta ce abin da aka buga don jama'a sai da sunan madaba'a a jiki, ɓata suna kuma laifi ne da ke kai mutum kurkuku a ƙasar nan. Idan maigidansa ya tabbata da maganar rijiyoyin, ya sa sunansa, ni ma in sa nawa, a cire batun matar, in buga masa a farashin kullum. Ya yi dariya ya zare filash ɗinsa. Kada a ɗauka tsabar tsoron Allah ne ya hana ni. Akwai shi, amma akwai kuma tsoron injina. Duk mai sana'ar nan a Garwa in ya ga takarda ya san injin da ta fito, kamar yadda maƙeri ke gane bugun ɗan'uwansa. Nawa yana barin wani ɗan layi siriri a gefen hagu, shekaru na kasa magance shi.

Kwana biyu sai ga takardar a WhatsApp, an kuma ce an yi ta tura kwafinta na fotokwafi ta ƙarƙashin ƙofofi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hirar da aka yi a rumfata a kanta. Cikin mutum takwas da ke shan shayi, babu ko ɗaya da ya tambaya ko an haƙa rijiyoyin. Tambayar kowa ita ce, wa ya turo? Ban ga laifinsu sosai ba. Mutanen garin nan sun ga yadda aka yanke wa Marafa Hamidu Yaya, ɗan Garwa, tsohon ministan cikin gida, shekara 25 a 2012 kan kuɗin jirgin shugaban ƙasa, har gobe kuma in ka tayar da zancen majalisa rabuwa take biyu, masu cewa kuɗi ne da masu cewa siyasa ce. Inda aka saba ganin zargi ya zama makami, ko na gaskiya ne ya zo sai an fara duba hannun da ya riƙo shi. Ɓarawo ya ji daɗin wannan, mai gaskiya kuma ba shi da hanyar wanke kansa. Ni dai har yau ina so in je ƙauyen nan in ƙirga rijiyoyin da idona.

Ni ma'aunina na ingancin ɗan takara littafi ne mai baƙin bango da ke cikin durowata. Masu neman kujera da yawa riga malam masallaci suke yi, su ba da aiki tun sunaye ba su fito ba, don a ga kamar an gama magana da su. Wani babban mutum, mai digiri da Faransanci kamar ruwa, ya aiko a buga masa riga 400 da kalanda 1,000, an rubuta "Sanatanmu" a ƙarƙashin hotonsa. Ya ba da kashi ɗaya cikin huɗu, ya ce saura in an kawo kaya. Na ci bashin riguna a kasuwa, na sa yara suka kwana biyu suna jan tawada a kan raga har hannunsu ya yi kanta. Sunaye suka fito babu nasa. Daga ranar wayarsa ta daina shiga. Na je gidansa sau biyar, maigadi ya haddace ni, kullum "Eksalans ya yi tafiya", alhali ga motarsa a rumfa ana wankewa. Kalandun na yanka na sayar wa masu tsire da masu ƙosai a kilo. Wata guda cur in ka sayi nama a unguwarmu, da rabin fuskarsa za a naɗe maka. Rigunan kuwa yarana ke goge rola da su, har yanzu akwai saura. Mutumin nan kullum yana cikin masu jawabi a kan riƙon amana, an kuma ce bai haƙura da kujerar ba.

Tun daga kansa na kafa ƙa'ida: aikin siyasa kuɗi hannu, duka, kafin a ɗora faranti. Na rasa wasu kwastomomi saboda haka, na kuma samu barci.

Mutum ɗaya na karya wa ƙa'idar, shi ne dattijon da aka rubuta wa takardar dare. Tsohon malamin makaranta ne, ya koyar da ƙanena. Ya sa a buga masa 'yar takardar manufa 200 da katin gayyata, ya ce zai biya ƙarshen wata in fansho ya fito. Shi ma sunansa bai fito ba. Ko takardar ce ta ci shi, ko dama can ba a yi niyyar sa shi ba, masu shayi sun yi mako suna gardama. Na riga na ja layi a kan kuɗin a zuciyata. Ran 2 ga wata da hantsi sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, ya sauko da ƙyar yana dafa gwiwa. Yarana suka miƙe suna "sannu Baba", aka ba shi kujera. Ya ciro kuɗi a ɗaure da roba ya ƙirga a kan teburin yanka, ya sake ƙirgawa, ya nemi rasit.

Na ce, "Malam, ai da ka aiko yaro."

Ya ce, "Da ƙafata na zo na ba da aikin."

Ya tambaya ko takardun suna nan. Na nuna masa ƙunshinsu a kan kanta, ko buɗewa ba a yi ba. Ya zaro ɗaya, ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa yana motsa leɓe, sannan ya ɗora yatsa a layi na shida ya ce mun manta wasali a kan wata kalma. Ya karɓi biro a hannun yarona ya gyara, ya ce a ɗaura masa sauran a bayan babur, bayansu fari ne, jikokinsa za su yi lissafi a kai.