Daren da Ida ta girma muna barci

Ranar Juma'a, 27 ga Agusta 2021, bayan an idar da sallah mun ɗan tsaya a ƙofar masallaci ana maganar guguwar Ida. Lokacin tana can wajen Kyuba, tana mataki na 1 a ma'aunin guguwa mai matakai biyar. Shekarata ta biyu ke nan ina karatu a birnin New Orleans na Amurka, kuma a Oktoban 2020 guguwar Zeta ta ratsa ta kanmu, aka ɗauke mana wuta kwana biyu aka maido. Sai na ɗauka ai na san takan abin.

Da na koma gida na tarar da maƙwabciyarmu tana loda kaya a mota. Dattijuwa ce, guguwar Katrina ta cinye mata gida a 2005. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ku yaushe za ku tashi?" Na ce, "Mama, ai mataki na 1 ce." Ta rufe bayan motar ta ce, "Kai inda take kake dubawa. Ni ruwan da ke gabanta nake dubawa." Kafin magariba ta kama hanyar Houston wajen 'yarta.

Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, don ba a ɓoye mana komai ba. Tun ranar Juma'ar Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka da ke Miami ta ce Ida za ta kai mataki na 4 kafin ta taɓa ƙasa. Magajiyar gari ta lokacin, LaToya Cantrell, ta fito ta ce lokaci ya ƙure, ba za a iya tilasta wa dukan gari tashi ba, domin shirin juya manyan tituna su koma fita kaɗai yana bukatar kusan awa 72. Ta ce mai iya tafiya ya tafi. Ita "babu lokaci" ta ce, ni kuwa kunnena "babu haɗari" ya ji. Har yau wannan ne yake ci mini rai.

Sai da hantsin Asabar na sa matata da 'yarmu mai wata takwas a mota. Mai bai kai rabin tanki ba. Gidajen mai uku muka shiga, duk an ɗaure bakin famfo da leda. Muka hau babbar hanyar I-10, motoci sun yi cirko-cirko iya ganinka, rana tana dukan gilashi, yarinya tana ta kuka. Bayan awa uku ko gefen gari ba mu gama fita ba. Na dubi allurar mai, na dubi matata, ta ce, "Abban Nana, gara ta same mu a ɗaki da ta same mu a titi." Muka juyo. Na sayi ruwan gora da burodi da batir, muka cika bahon wanka da ruwa.

Mun kwanta daren nan Ida tana mataki na 2. Da na tashi sallar asuba na duba waya, ta kai mataki na 4. Na sake dubawa, ina zaton idona ne. Da safiyar Asabar iskarta tana gudun kilomita kusan 140 a awa, zuwa safiyar Lahadi ta kai 240. Masana suna kiran abu ƙaruwar gaggawa idan gudun ya ƙaru da kilomita 55 cikin awa 24. Ida ta kusa ninka wannan. Kuma ƙarfin bugun iska ba daidai da gudunta yake hawa ba: gudu ya ninka, bugu ya ninka sau huɗu.

Daga baya na zauna na karanta dalili, sai na gane abin da dattijuwar nan take nufi. Ɗumin ruwan teku shi ne abincin guguwa. A al'ada, tana tafe tana dama tekun kamar ana dama kunu, ruwan sanyi na ƙasa ya taso sama, sai ta rage wa kanta ƙarfi. To a Tekun Meksiko akwai wata igiyar ruwan ɗumi da ke shigowa daga yankin Karibiyan, ɗuminta ya nutsa can ƙasa. Ida ta bi ta kan irin wannan ruwa, samansa ya kai digiri 30, ta dama ta dama, ɗumi kawai yake tasowa. Can sama kuma babu wata iska mai ƙarfi da za ta karkatar mata da kai ta wargaza ta. Ta samu abinci, ba mai tsawata mata.

Gab da sha biyun ranar Lahadi, 29 ga wata, ta sauka a Port Fourchon da ke gaɓar teku kudu da mu, daidai ranar da Katrina ta cika shekara 16. Idonta, wato tsakiyarta, ya bi ta yamma da mu, amma abin da ya same mu ya isa. Mun ja katifa zuwa lungun da ba taga. Ƙofar falo tana shiga tana fita kamar ƙirjin mai haki. Ruwa ba daga sama yake zuwa ba, a kwance yake tahowa, yana kutsowa ta ƙasan taga yana bin bango. Kukan iskar ba ya yankewa, awa bayan awa. Matata ta rungume yarinya tana ta maimaita Hasbunallahu, ni kuma na dafe ƙofar da kafaɗa, na san ba abin da kafaɗata za ta hana, amma na kasa saki. Da yamma wuta ta ɗauke a gari baki ɗaya. Manyan layuka takwas da ke kawo wa birnin lantarki duk sun faɗi aiki.

Ganuwar tare ruwa da aka kashe wa fiye da dala biliyan 14 bayan Katrina ta riƙe, alhamdu lillahi. Ruwa bai ci garin ba. Abin da ban yi wa shiri ba shi ne kwanakin da suka biyo baya. Zafi da gumi, ba fanka, abin da ke firiji ya lalace, kati ba ya aiki sai tsabar kuɗi, waya ta ƙi shiga. Hajiyarmu a Zariya ta kwana biyu ba ta ji muryata ba. Na ga wani a layinmu ya kunna janareta a garejinsa ya ja ƙofa, na ruga na roƙe shi ya fitar da shi fili, don mu da muka tashi da janareta mun san aikin hayaƙinsa. A makon nan an samu waɗanda hayaƙin ya kashe a yankin, bayan sun tsira daga guguwar. Rana ta uku wani ɗan'uwa daga masallaci ya ba mu galan biyu na mai, muka fita.

Yanzu daga Yuni zuwa Nuwamba tankina ba ya sauka ƙasa da rabi. Fasfo da takardu suna cikin leda a jaka ɗaya da 'yan kuɗi. Na daina tambayar matakin da guguwa take a yau, hasashen jibi nake karantawa, in kuma ƙara mata mataki ɗaya a raina. Mun yi alkawari da matata: in an ce za ta kai 3 kuma muna kan hanyarta, a daren za mu tashi, ba sai gari ya waye ba.

Dattijuwar ta dawo bayan mako biyu ta tarar iska ta yaye rabin rufinta. Na hau na taya jikanta shimfiɗa shuɗiyar tamfol. Ba ta tayar da maganarmu ta ranar Juma'a ba. Da na sauko ta miƙo mini wayarta ta ce in sa lambata, in wata ta taso za ta kira ni mu jera motoci mu fita tare.