Daskarewar jini a ƙafar majinyacin da ke kwance a asibiti

Jinin da ke jijiyoyin cikin sharaɓa ba ya komawa zuciya yadda ya kamata sai da taimakon tsoka. Idan mutum yana tafiya tsokar tana matse jijiya, jini ya hau sama. Da ya kwanta kwana 3 ko fiye ba motsi, jinin sai ya yi kwance, gudan jini ya fara haɗuwa. Likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, shi ake danganta wa dalilai ukun da aka sani suna haddasa hakan: tafiyar hawainiyar jini, rauni a bangon jijiya, da jinin da ke saurin daskarewa. Majinyaci ɗaya kan haɗa duk ukun.

Waɗanda aka fi ji wa tsoro su ne wanda aka yi wa tiyatar kwatangwalo ko gwiwa, mai ciwon daji, mai shanyewar ɓarin jiki, mai juna biyu da mai jego har mako 6 bayan haihuwa, da wanda abin ya taɓa samu. Ƙiba, shekaru sama da 60, ƙarancin ruwa a jiki da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estrogen duk suna ƙara haɗarin.

Alamar da ta fi muhimmanci ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura ɗayar tana lafiya, da zafi, da ciwo idan an danna sharaɓa. A masu duhun fata jan wurin ba ya fitowa sosai, don haka kada a jira shi. A ɗauki tef a auna ƙafafun biyu, santimita 10 ƙasa da tudun ƙashin da ke ƙarƙashin gwiwa. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin a kira likita ne, a yi sikanin jijiya. Gwajin jini na D-dimer, mai nuna alamar daskarewa, ba ya da amfani sosai ga wanda aka yi wa tiyata, domin dama yakan hau.

Abin da ke tayar da hankali shi ne sau da yawa ƙafar ba ta nuna komai, sai gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu: numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ƙirji ya ɗauki ciwo, zuciya na bugawa da sauri. Shi ya sa ake auna haɗarin tun ranar kwantarwa, a ba wanda ya cancanta allurar enoxaparin mai hana daskarewar jini, miligiram 40 sau ɗaya a rana, a rage idan ƙoda ta yi rauni, a dakata idan yana zubar jini. A tayar da majinyaci ya taka da zarar likita ya yarda. Ƙafar da ake zargi kuwa, 'yan jinya kada su yi mata tausa ko kaɗan.