Akwatin bincike ya koya min darasi a makon nan

Wallahi da na fara saka akwatin bincike a manhajar da nake ginawa na ɗauka aikin minti goma ne, kawai in sa LIKE, umarnin da ake neman rubutu mai kama da shi a databes (rumbun ajiye bayanai), da alamar % gaba da bayan kalmar da ake nema shikenan. Yana aiki lafiya lau da bayanai ɗari biyu, amma da teburin bayanan ya cika sai shafin ya fara jan ƙafa, ashe idan % ta zo a farkon kalma indeks na yau da kullum, wato jerin da databes ke dubawa don ta samo abu da sauri, ba ya amfani, sai databes ta bi layi ɗaya bayan ɗaya tana dubawa.

Abin da ya cece ni pg_trgm ne, wani ƙari na PostgreSQL, databes ɗin da nake amfani da ita, yana yanka kalma zuwa haruffa uku-uku, ka haɗa shi da wani nau'in indeks da ake kira GIN sai ka ga sakamako ya fito nan take, har wanda ya ɗan yi kuskuren rubutu yana samun abin da yake nema. Sai kuma matsalar ƙ da ɗ da ɓ, mutum ya rubuta "kasa" yana neman "ƙasa" bai samu komai ba, dole na ƙara wani ginshiƙi da nake ajiye rubutun ba lanƙwasa, a can ake binciken.

Wajen jera sakamakon bincike kuwa, don Allah kar ka ɗauki sunan ginshiƙi daga adireshin shafi ka cusa cikin ORDER BY, umarnin jerawa, kai tsaye, ƙofa ce ka buɗe wa masu kutse. Ni na rubuta sunayen ginshiƙai uku da na yarda a jera da su, kuma kullum ina ƙara id, lambar da ke bambanta kowane layi, a ƙarshen ORDER BY, in ba haka ba abu ɗaya sai ya fito a shafi na biyu ya sake fitowa a na uku.